Mara lafiya mai kilo 128 za a sa ta barci: yaya zan riƙe numfashinta da takunkumi?

Sista Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan ɗakin tiyata. Ni nas ce mai sa barci a wani asibitin gwamnati na ƙaramar hukuma. Ba mu da likitan sa barci, mu biyu ne muke karɓa-karɓa, ni da wani abokin aikina. Shawararku nake nema a kan wata baiwar Allah da aka sa a jerin aikin mako mai zuwa.

Shekarunta 46, nauyinta kilo 128, tsayinta santimita 158, wato BMI ɗinta, ma'aunin ƙiba da ke haɗa nauyi da tsayi, ya haura 51. Duwatsu gare ta a madaciya, ciwon yana tashi yana kwanciya, har likitan fiɗa ya yanke a cire. Ta ƙarƙashin haƙarƙari zai buɗe cikin, don ba mu da na'urar yin aiki ta ƙananan huda. Allurar baya ba za ta ɗauke wannan yankan ba, sai dai barci gaba ɗaya.

Na je ɗakin mata na duba ta. Na sa tef na auna kewayen wuyanta, santimita 46. A gwajin leƙa baki na Mallampati tana mataki na 3, gindin beli kawai nake hangowa. Baki yana buɗewa yatsu uku, haƙora cikakku, tana iya turo na ƙasa gaban na sama amma da ƙyar. Tana shan amlodifin saboda hawan jini. 'Yarta mai jinya ta ce minsharin Hajiya har tsakar gida ake jin sa, kuma wani lokaci sai ta yi tsit, can sai ta farka a firgice tana jan iska. Da rana ma tana zaune cikin mutane barci ke sace ta. Ita kanta ta ce mini ta daɗe rabonta da kwanciya rigingine, sai ta tara filo ta jingina. A zaune oksimita, na'urar auna oksijin na jini, na nuna 95. Na roƙe ta ta kwanta a miƙe, ba a jima ba ya sauka 91, ta ce in taimaka mata ta tashi.

Abin da ke hannuna: injin sa barci mai aiki da silinda, monita mai kafnogiraf (mai zana iskar da ake fitarwa a kowane numfashi), Guedel (robar baki mai hana harshe toshe hanya) lamba 3 da 4, i-gel (robar numfashi da ke zama a saman maƙogwaro) lamba 4 guda ɗaya, buji (siririn sandan jagoran bututu), laringoskof (abin leƙa maƙogwaro) na Macintosh mai baki lamba 3 da 4, da injin tsotse majina. Magunguna akwai furofofol da ketamin na sa barci, suksametoniyam (sukus) da atrakuriyam na sakin jiki, da niyostigmin mai warware sakin atrakuriyam. Babu laringoskof mai kyamara, babu sugamadeks (maganin saurin warware sakin jiki), babu ɗakin kulawa ta musamman.

Zura bututun numfashi a maƙogwaro bai tsaya mini a rai ba kamar mintunan da ke tsakanin ɗaukewar numfashinta da shigar bututun. Ta taɓa faruwa a gabana da wani mai ƙibar da bai ma kai ta ba: ana matsa jakar hura numfashi, iska na zurarewa ta gefen kumatu, ƙirji ko motsi, sautin oksimita na ta sauka. Ba na son in sake tsayawa a wannan wurin ba da shiri ba.

To, yaya kuke shimfiɗa irin wannan mara lafiya a kan tebur? Wane riƙo kuke yi wa takunkumin? Kuma abin da muka saɓa a kansa ni da abokin aikina: shi ya ce kada a kuskura a ba da maganin sakin jiki sai an tabbatar iska na shiga da takunkumi, ni kuma na ji ana cewa yanzu an bar wannan. Wanne ne daidai? Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Ritaya

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika je kika duba ta tun da sauran lokaci, har kika sa tef a wuyanta.

Ni tun zamanin maganin sa barci na ita (ether) da na'urar shaƙa shi ta EMO nake wannan aiki, kuma abin da na gani shi ne wannan aikin tun mara lafiya na farke ake gama rabinsa. Da ta yi barci, ba wanda zai iya gyara kwanciyar kilo 128. Saboda haka ki bar ta ta hau teburin da ƙafarta, ta gyara kanta da kanta kina nuna mata.

Ki samo barguna da zannuwan gado masu yawa, ki ninke su ki jera hawa-hawa, daga tsakiyar bayanta, zuwa kafaɗu, zuwa ƙeya. Sannan ki koma gefen tebur ki durƙusa ki duba: ramin kunnenta ya zo layi ɗaya da ɗan ramin nan na gindin wuya da ke saman ƙashin ƙirji, fuskarta kuma tana kallon rufin ɗaki sak. In kunne ya faɗa ƙasa da wannan layi, ƙara bargo. Filo ɗaya a ƙarƙashin kai ba ya yin komai ga mai irin wannan jiki, sai ma ya tura haɓarta ta nutse a ƙirji. Bayan nan ki karkata teburin gaba ɗayansa, kai sama ƙafa ƙasa, don tumbin ya sauka daga kan huhu. Ki ɗaure ta da kyau kada ta zame. Ke kuma ki nemi abin takawa, don kanta zai yi miki tsawo, kuma ba a riƙe muƙamuƙi da ƙarfi ana ɗage.

Wani abu da ake mantawa da shi a wurin mata: ki duba kitsonta tun daren aiki. In an tufke gashi a ƙeya ko an yi ƙari, a kwance shi. Dunƙulen gashi yana hana kai lanƙwasawa baya.

Riƙo kuwa, Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada ma ki fara da hannu ɗaya ki ce in ya ƙi sai ki koma biyu. Hannuwanki biyu a kan takunkumi da muƙamuƙi, abokin aikinki a kan jaka. Ranar ba ranar karɓa-karɓa ba ce, ku duka biyu za ku shiga. Ki ɗago fuskarta zuwa cikin takunkumin, kada ki danna takunkumin a kan fuskarta, don dannawa na tura haɓa da harshe baya su ƙara toshe hanya. Guedel ki auna shi tun tana farke, daga haƙoran gaba zuwa kusurwar muƙamuƙi, ki ajiye shi kusa da kanta. Da barci ya yi nauyi ki sa shi. Kada ki jira sai abu ya ƙi.

Sannan ƙirjinta zai iya tokare mariƙin laringoskof. In kina da gajeren mariƙi to, in babu ki sa nas mace ta ja ƙirjin zuwa ƙasa lokacin da za ki shiga.

A kan tambayarki ta ƙarshe ina tare da abokin aikinki. Haka aka koya mana: ka gwada, ka ga ƙirji ya ɗaga, sannan ka ba da sukus. In bai ɗaga ba, ka tashe ta. Mutumin da bai sha maganin sakin jiki ba yana da hanyar dawowa.

Dakta Sa-Barci

Sista, sannu da ƙoƙari. Baba, ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa a kan shimfiɗa da hannu biyu ba ni da abin cirewa. A magana ta ƙarshe ce zan nemi afuwa in saɓa maka.

Bari in fara da dalilin da ya sa irin wannan mara lafiya ba ta ba da lokaci. Iskar da ke saura a huhu bayan an fitar da numfashi, ita ce ajiyar da mutum ke rayuwa a kanta idan numfashi ya tsaya. A mai tsananin ƙiba wannan ajiya ta riga ta ragu, don kitsen ciki na tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki zuwa sama. In ta kwanta ta ƙara raguwa, in ta yi barci tsokoki suka saki ƙasan huhun ya lotse. Ga shi kuma babban jiki ya fi cin oksijin. Abin da kika gani da oksimita ya sauka 91 don kawai ta kwanta, shi ne wannan, tana farke ma ke nan. A 1997 Jonathan Benumof da abokan aikinsa a Amurka sun yi lissafin wannan: lafiyayyen mutum mai kilo 70 da aka cika wa huhu da oksijin yana kai wa wajen minti 8 kafin ya sauka zuwa 90, mai kilo 127 kuwa bai cika minti 3 ba. Taki kilo 128 ce.

To nan ne hujjar Baba ta samu matsala. Wannan takardar ta Benumof abin da ta nuna ke nan: kafin suksametoniyam ya sake mutum, oksijin ya riga ya faɗi ƙasa mai hatsari. Haka furofofol: adadin da zai sa ta barci ba zai bar ta ta farka ta buɗe hanyar iskarta da kanta cikin minti 2 ko 3 ba. Wato ƙofar nan ta "in ya ƙi sai mu tashe ta", ga wannan matar, ta riga ta rufe tun lokacin da kika tura maganin barci. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne a tsaya a tsakiya: ba ta farka ba, ba ta saki ba, muƙamuƙi ya ƙage, maƙogwaro na iya shaƙewa, ana matsa jaka da ƙarfi iska na tafiya ciki. Binciken da aka yi daga baya ya nuna sakin tsoka yana sauƙaƙa hura iska da takunkumi ko ya bar ta yadda take, ba kasafai yake ƙara mata wuya ba. Ƙa'idojin 2015 na DAS, ƙungiyar masana hanyar iska mai wuya ta Ingila, ma sun ce in hura iska da takunkumi ta gagara, a tabbatar an saki jikin gaba ɗaya. A jami'ar Michigan, Kheterpal ya duba mutum 53,041 da aka sa barci, ya samu 77 da iska ta ƙi shiga sam da takunkumi, kuma mafi yawansu an zura musu bututu ba tare da wahala ba. Bututun kuwa ba ya shiga da daɗi a jikin da bai saki ba.

Saboda haka shawarar ana yanke ta ne kafin allura. In dubawarki ta nuna takunkumi zai yi wuya amma bututu zai shiga, ki sa ta barci sosai, ki ba da maganin sakin jiki nan take, cikakken adadi. In kuwa kina ganin duka biyun za su yi wuya, to ba a sa ta barci sam sai an zura bututu tana farke, wannan kuwa sai inda ake da kayansa da wanda ya saba.

Adadi: suksametoniyam da nauyinta na gaskiya ake lissafa shi, miligiram 1 a kowane kilo, wato wajen 130. Kwalba ɗaya 100 ce, ki fasa biyu. Furofofol kuwa ba da kilo 128 ba, da nauyin jiki ban da kitse, wanda a wurinta bai wuce kilo 55 zuwa 60 ba, ki ƙara kaɗan-kaɗan in ta nema. Atrakuriyam ma haka. Kada a ba ta dayazifam, maganin kwantar da hankali, a ɗaki kafin a kawo ta.

Cika huhu da oksijin: tana kishingiɗe, takunkumi ya zauna ba ɓaraka, lita 10 ko fiye a minti, minti 3 cikakku da agogo. In monitarki na nuna oksijin da ke fitowa, ki jira ya kusa 90. Dixon a Ostareliya, 2005, ya gwada masu tsananin ƙiba: waɗanda aka ɗaga wa kai digiri 25 sun kai daƙiƙa 201 kafin su sauka 92, na kwance kuwa 155. Daƙiƙa 46 ba kaɗan ba ce a wannan wurin. Ki ɗan rufe bawul ɗin APL, mai ƙayyade matsin iska a inji, zuwa santimita 5 zuwa 10 na ruwa tun tana numfashi da kanta, yana hana ƙasan huhu lotsewa. Ki yi mata bayani tun a ɗaki cewa za ta ji ɗan matsi, don kada ta tsorata ta fizge.

A riƙon hannu biyu akwai iri biyu, kuma ba ɗaya suke ba. Wanda aka fi koyarwa shi ne babban yatsa da manuni su zagaye takunkumi, sauran uku a ƙarƙashin haɓa. A mai ƙiba yatsun nan uku nutsewa suke yi a cikin naman wuya, su tura harshe sama, su rufe baki. Ɗayan kuwa, ki shimfiɗa manyan yatsunki da tudun tafinki a gefe biyu na takunkumin suna kallon ƙafafunta, sauran yatsu huɗu-huɗu su kama bayan kusurwar muƙamuƙi a kan ƙashi, su turo shi gaba, bakin kuma a buɗe. An gwada biyun a kan masu ƙiba a jami'ar Vanderbilt, aka buga a 2017, na biyun ya fi shigar da iska nesa ba kusa ba. Buɗe bakin na da dalili: Shiroh Isono na Chiba a Japan ya nuna tun 1997 cewa a masu ƙiba turo muƙamuƙi yana buɗe bayan harshe amma ba ya buɗe bayan ganɗa mai laushi yadda yake yi a siraran mutane. Ke nan hanyar hanci ba abin dogaro ba ce, ta baki iskar za ta bi, shi ya sa Guedel ke shiga da wuri.

Kuma idonki a kan kafnogiraf, ba a kan ƙirji ba. Ƙirjin mai ƙiba yana ruɗi. In zanen na tashi yana yin shimfiɗa a sama, iska na shiga tana fita. In babu zane, babu numfashi, ko da oksimita na nuna 99, don shi sai an jima yake faɗar gaskiya.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Na lissafa mata STOP-BANG, ma'aunin hatsarin tsayawar numfashi a barci, daga bayaninki: minshari, gyangyaɗin rana, tsayawar numfashi da 'yarta ta gani, hawan jini, BMI sama da 35, wuya sama da santimita 40. Maki 6 cikin 8, kuma daga 5 ake cewa hatsari mai yawa. Wannan aiki ba na gaggawa ba ne. Yankan saman ciki yana hana jan numfashi sosai, za ta nemi maganin ciwo mai ƙarfi, ga numfashinta na tsayawa a barci ko ba magani. Wa zai zauna a kanta daren farko da oksimita da oksijin? In babu amsa, ni a ganina a tura ta asibitin koyarwa.

Abdu na Maraɗi

Salamu alaikum ƴan uwa na Najeriya. Ni ma wannan aikin nike yi a nan Nijar, mu ake ce ma TSAR, wato ma'aikatan sa barci da ba lokotoro ba. Halin da ƴar uwa ta faɗi shi ne namu a likitocin da ke nesa da birni, lokotoron sa barci sai a manyan garuruwa.

Abu biyu zan ƙara. Na farko oksijin. Kafin ranar ki je da kanki ki duba silinda, wadda ke kan inji cikakka, wata cikakka a tsaye kusa da sifanarta. Lita 10 zuwa 15 a minti suna shanye silinda da sauri, balle in kina danna maɓallin cika jaka a kai a kai saboda iska na zurarewa. In kuna da konsantireta, injin tace oksijin daga iska, ki jawo ta ki sa ma matar ƴar igiyar hanci a ƙarƙashin takunkumi, lita 5, ki bar ta tana tafiya har lokacin da kike zura bututu. Ko mutum ba ya numfashi, muddin hanya a buɗe take, oksijin na bi ta shiga huhu. An gwada haka ga masu ƙiba da lita 5 ɗin nan, ya ƙara musu lokaci. Sai dai ki lura igiyar na iya ɗaga gefen takunkumi iska ta riƙa fita. In ta hana shi zama, ki cire, ki mayar lokacin da kika ɗauke takunkumin.

Na biyu i-gel ɗinki. Kada ta zauna cikin kwali. Ki buɗe ta, ki shafa mata man, ta zauna inda hannunki zai kai. In hannu biyu da Guedel da sakin jiki duk ba su kawo zane a kafno ba, ki duba da laringoskof sau ɗaya da buji, in bai yi ba i-gel ta shiga. Ana yawan ɓata lokaci ana ta sake riƙo, ana ta sake takunkumi, alhali abin ceto na nan kusa.

Tunda wasu za su karanta don maza, bari in faɗi na gemu. Langeron a Paris, shekara ta 2000, cikin mutum 1,502 ya samu abubuwa biyar da ke nuna takunkumi zai ba da wuya: shekaru sama da 55, BMI sama da 26, gemu, rashin haƙora, da minshari. A wurinmu ba ka ce ma dattijo ya aske gemunsa don aikin awa ɗaya, kuma ba sai an yi ba. Babbar filasta mai gani-har-hanji a kan gemun, ka huda wajen baki, takunkumi ya zauna a kanta. Marar haƙora kuwa, in yana da na roba masu zama daram, a bar masa su har lokacin zura bututu.

Ina tare da Dakta a kan turawa. Amma na san irin amsar da dangi ke bayarwa in an ce Kano ko Zariya, mu ma haka muke ji in an ce Yamai.

Baba Mai Ritaya

Dakta, na karanta, na kuma sake karantawa. Lissafin minti 3 ɗin nan ba ni da ja a kansa, idona ya gani. Na yarda cewa ga wannan matar jira ba shi da amfani. Abin da nake tsoro shi ne yaro sabon fitowa daga makaranta ya karanta wannan a wani asibitin ƙauye, ba kafnogiraf, ba buji, ba mataimaki, ya ce ai Dakta ya ce a tura sukus. Tsohuwar ƙa'idar tamu, ko ba ta yi komai ba, tana sa mutum ya tsaya ya yi tunani. In za a ɗauke ta, to a maye gurbinta da abin da ka faɗa: tunanin a yi shi tun a ɗakin marasa lafiya, da tef a hannu. Wanda ba shi da kayan, kada ya fara.

Sista Maman Ilham

Baba, Dakta, Malam Abdu, Allah ya ƙara girma. Na kai wa likitan fiɗa maganar, na nuna masa makin STOP-BANG da abin da oksimita ya yi da ta kwanta. Ya amince mu zauna da mijinta da 'ya'yanta gobe mu ba su shawarar asibitin koyarwa, zai rubuta musu takarda da kansa. Abin da ke damun su kuɗin mota da na zama ne da tsawon layi, amma ban ga alamar za su ƙi ba in an yi musu bayani a tsanake.

Duk da haka ina so in shirya, don madaciya na iya kumbura da dare a kawo ta da zazzaɓi, ko wata mai irin jikinta ta zo haihuwa allurar baya ta ƙi ci. A irin wannan halin cikinta ba fanko ba ne. An koya mana a sa barcin gaggawa ba a hura iska sam har bututu ya shiga. Da wannan ƙarancin lokacin, in tsaya ina kallo oksijin na sauka? In kuma zan hura, da wane ƙarfi? Kuma Dakta, don Allah ka ce wani abu a kan cire bututu.

Dakta Sa-Barci

Baba, na karɓa. Sharaɗin da ka sa shi ne daidai.

Sista, ki hura, a hankali. Ƙa'idojin da DAS ta fitar tare da ƙungiyar masu sa barcin haihuwa ta Ingila a 2015 sun yarda da haka ko ga mai ciki, muddin matsin bai kai santimita 20 na ruwa ba. Sama da nan ne iska ke fara buɗe hanyar abinci ta cika tumbi, tumbin ya ƙara danne huhu, amai ya biyo baya. Ki saita APL ƙasa da 20, mai jaka ya matsa sannu, kowace hura ta ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya, ya bar lokacin fita. Huhunta na mace ce mai tsayin 158, ba na kilo 128 ba, mililita 300 zuwa 400 sun ishe ta. In injinki na da tsarin hura iska da ƙayyadadden matsi, ki kunna shi a 15, ya fi hannu daidaito, abokin aikinki kuma ya samu hannun miƙo miki kaya. In kin ga ana bukatar ƙarfi fiye da haka, yawanci hanya ce a toshe, ki gyara riƙo da Guedel maimakon ƙara matsi. Mai danna maƙogwaro don hana amai tasowa ma in yana hana iska shiga ko yana ɓata miki gani, ya sassauta. Injin tsotsa a kunne, bakinsa a ƙarƙashin filo.

Tun tana farke ki miƙar da wuyanta ki lalubo ɗan tantanin da ke tsakanin guringuntsin maƙogwaro biyu, ki yi alama da biro. Aska lamba 10, buji, da bututu lamba 6 su kasance a faranti ɗaya, likitan fiɗa ya san da su, kuma ya kasance cikin ɗakin da safar hannu lokacin sa barci. A wuya mai kauri in ba ki ji tantanin ba, yankan tsaye ake yi, santimita 8 zuwa 10, a buɗa da yatsu a lalubo.

Cire bututu kuwa, NAP4, binciken ƙasa na Ingila a kan matsalolin hanyar iska, a 2011 ya samu fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na munanan matsalolin hanyar iska a sa barci sun faru ne wajen farkawa ko bayanta, kuma masu ƙiba sun yi yawa a cikin waɗanda abin ya shafa. Kada ki rushe bargunan nan sai ta bar ɗakin. Ki zuƙe cikinta da bututun hanci kafin ta farka. Niyostigmin sai ta fara motsi da kanta, kada ki wuce miligiram 5. Ki cire tana kishingiɗe, ido buɗe, tana bin umarni, tana damƙe hannunki da ƙarfi ba ta saki. Likitan fiɗa ya zuba bufibaken, maganin kashe zafin wuri, a bakin yankan kafin ya rufe, ki haɗa da farasitamol ta jijiya, da diklofenak in ƙodarta lafiya, don a rage fentazosin, maganin ciwo mai ƙarfi, iya raguwa. A ɗaki a zaunar da ita, oksijin a hanci, oksimita a yatsa har gari ya waye, gadonta kusa da teburin nas. In dangin sun amince da tafiya, ki rubuta awon wuyan da makin STOP-BANG da 91 ɗin nan a jikin takardar turawa, don wanda zai karɓe ta ya gani tun ranar farko.